Ranar Uwaye: Daga Ina Ta Fito, Ina Kuma Muke Kai Ta?



Akwai wata rana da ta shigo cikin tsarin shekarar ikkilisiyoyinmu ta zauna daram, har yaran yanzu suna tsammani tun zamanin manzanni ake yinta. Ita ce Ranar Uwaye. Waɗansu ikkilisiyoyi, kamar Angilikan, suna kiyaye ta a Lahadi ta huɗu ta lokacin azumin da yake gaban Ista, wato yawanci cikin watan Maris. Waɗansu kuwa sai Lahadi ta biyu ga watan Mayu. Ba a umarce mu da ita a Littafi Mai Tsarki ba, ba kuwa gadon kakanninmu ba ce. Baƙuwa ce, ba mu kuwa ga laifi a nan ba, gama masara da gyaɗa da rogo ma baƙi ne, daga hayin teku aka kawo su, ga su yau su ne abincinmu. Amma manomin kirki ba ya shuka irin da bai san asalinsa ba. Yakan tambayi inda aka samo shi, da irin ƙasar da yake so, da abin da ake sa rai zai haifa. Mun yi wa wannan rana irin wannan tambaya, abin da muka samu kuwa ya sa muna ganin lalle ne ƙungiyoyinmu na gama kai su sa baki a yadda ake yinta.

Labarin ya fara ne a gidan makoki. A ƙasar Amurka, a wani yanki mai duwatsu wanda yanzu ake kira Jihar Bajiniya ta Yamma, an yi wata mace mai suna Ann Jarvis. An haife ta a 1832, 'yar wani fasto ce na ikkilisiyar Metodis, ta auri ɗan kasuwa. Sunanta da na 'yarta kusan ɗaya ne, saboda haka za mu riƙa kiranta Uwargida Jarvis, 'yar kuwa mu ce Anna. Uwargida Jarvis ta haifi 'ya'ya fiye da goma, amma huɗu kaɗai suka girma. Sauran duk sun mutu suna ƙanana, da cututtuka irin su ƙyanda da zazzaɓin taifot da mashaƙo. Da a ƙauyukanmu take, da an ce mata mai wabi, a shiga zargin tsohuwar da take bayan gida, ko a ce wani ya yi mata baki. Ita kuwa sai ta dubi ruwan da yara suke sha, da madarar da ake sayar musu, da ƙazantar da take kewaye da gidaje.

A 1858, tana ɗauke da ciki, ta fara tara matan garuruwan da suke kusa da ita, ta kafa ƙungiyoyin aikin uwaye a garuruwa biyar, a cikinsu akwai Grafton da Webster da Filibi, mai suna ɗaya da garin nan da Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙa. Tana da ɗan'uwa likita, James Reeves, wanda ya san cutar taifot ƙwarai, shi ya riƙa ba su shawara. Matan nan suna bi gida gida suna koyar da tsabta. Suna duba madarar da ake ba yara. Suna tara kuɗi su sayi magani domin waɗanda ba su da hali. In tarin fuka ya kwantar da wata uwa, sai su biya wata mace ta je ta riƙe mata gida da yara. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar gama kai zai gane wannan tsari. Mutane marasa ƙarfi ne suka haɗa ɗan abin da suke da shi, domin su yi abin da ɗayansu ba zai iya shi kaɗai ba. Bambancin kawai shi ne, ribar da waɗannan mata suke ƙirgawa a ƙarshen shekara yaran da suka rayu ne.

Ba a daɗe ba yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, tsakanin Arewa da Kudu, batun bauta kuwa shi ne tushen rikicin. Yankin su Uwargida Jarvis yana kan iyaka, ya tsage biyu. Wa yana wannan rundunar, ƙane yana waccan. A Filibi ma aka yi ɗaya daga cikin karon farko na yaƙin, a watan Yuni na 1861. Uwargida Jarvis ta roƙi matan ƙungiyoyinta kada su ɗauki gefe. Sa'ad da taifot da ƙyanda suka shiga sansanin sojoji, matan suka yi jinyar kowa, ba su tambayi rigar da mutum ya sa ba. Yaƙin ya ƙare a 1865 bayan ya ci mutum fiye da 600,000, amma gaba ba ta ƙare ba. A 1868 ta kira taron zumunci na uwaye a garin Pruntytown, ta gayyaci tsofaffin sojojin ɓangarorin biyu da iyalansu. Bisa ga labarin da 'yarta ta bayar daga baya, an ji tsoron taron zai zama faɗa, amma aka tashi da hawaye da musafaha. Mu da muka san ƙauyukan da rikici ya raba maƙwabta, har mutum ba ya iya bin hanyar gonarsa, ba sai an faɗa mana nauyin abin da matar nan ta ɗauka ba.

A wajen lokacin nan kuma wata marubuciya, Julia Ward Howe, ta yi kira a 1870 ga matan duniya su tashi su ƙi yarda a riƙa kwashe 'ya'yansu zuwa yaƙi. An yi 'yan shekaru ana kiyaye ranar uwaye domin salama a birnin Boston, a ranar 2 ga Yuni, daga baya abin ya mutu. Mun ambace ta ne domin a ga cewa a wancan zamani, in aka haɗa kalmar uwaye da kalmar rana, ana nufin mata sun fito su yi wa jama'a wani aiki.

Uwargida Jarvis ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a makarantar Lahadi ta majami'ar Metodis ta Andrews a Grafton. Anna, wadda aka haifa a 1864, ta ce tana da shekara 12 ta ji mahaifiyarta ta rufe wani darasi da addu'a, tana roƙo wata rana a sami wanda zai keɓe rana domin tunawa da hidimar uwaye. Tsohuwar ta rasu a birnin Filadelfiya ranar 9 ga Mayu, 1905. Anna ta ɗauki addu'ar nan kamar wasiyya. Ranar Lahadi, 10 ga Mayu, 1908, aka yi sujada ta musamman a majami'ar nan ta Grafton, mutum 407 suka halarta. Anna ba ta je ba, amma ta aika da fararen furanni 500 na wani irin fure da ake kira kaneshan, wanda mahaifiyarta take ƙauna. A ranar kuma aka yi wani taro a Filadelfiya, wanda ya ninka na Grafton sau da yawa, a babban ɗakin taro na kantin wani attajiri mai suna John Wanamaker. Mutumin kirki ne mai son aikin makarantar Lahadi, amma ku lura, tun ranar fari ƙafa ɗaya tana majami'a, ɗaya tana kanti.

Anna ta zuba wasiƙu ga gwamnoni da 'yan majalisa da fastoci da masu jaridu. Da aka fara kai maganar majalisar dattawan Amurka a 1908, waɗansu 'yan majalisa suka mai da ita abin dariya, suna cewa in an yi wannan, sai kuma a yi ranar suruka. Amma jiharta ta amince a 1910, sauran jihohi suka bi, har a 1914 majalisa ta zartar, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu, Lahadi ta biyu ga Mayu ta zama ranar ƙasa duka.

Akwai wani abu ƙarami a sunan da ya kamata mu tsaya a kansa. Anna ta nace cewa sunan ranar tilo ne, wato Ranar Uwa, ba Ranar Uwaye ba. Nufinta kowane mutum ya tuna da tasa uwar, ya je gida ya gan ta, in kuwa yana nesa ya zauna ya rubuta mata wasiƙa da hannunsa. Abu ne mai kyau. Amma ya fi abin da mahaifiyarta ta yi ƙanƙanta. Uwar ta tara mata da yawa domin 'ya'yan kowa, 'yar ta komar da kowa ɗakin uwarsa. Da zarar kuwa abin ya zama tsakanin mutum da uwarsa kaɗai, sai ɗan kasuwa ya sami ƙofa, gama ya san mutumin da bai je gida ba, bai kuma rubuta wasiƙa ba, zai yi murna ya biya kuɗi ya wanke kunyarsa. Masu sayar da fure suka tsauwala farashi. Masu buga katin gaisuwa da masu yin alawa suka shigo. Kafin a yi shekara goma Anna ta juya tana yaƙi da ranar da ita da kanta ta kafa. A 1923 ta kutsa taron masu yin alawa a Filadelfiya ta yi musu tas. A 1925 aka kama ta da laifin ta da hankalin jama'a a wani taron mata inda ake sayar da furen nan domin tara kuɗi. Ta ƙarar da gadonta a shari'a da buga takardu. A 1943 ta shiga neman sa hannun mutane domin a soke ranar gaba ɗaya. Ta rasu a 1948 a wani gidan jinya, tana da shekara 84, ba ta da kome. Ba ta yi nasara ba. A 2023, ƙungiyar masu kantuna ta Amurka ta ƙiyasta cewa abin da za a kashe a ƙasar saboda wannan rana ɗaya ya wuce dala biliyan 30.

Muna tausayin Anna, amma ba mu tare da ita a kowane abu. A cikin fushinta ba ta bambanta ɗan kasuwa da mai taimako ba. Ta yi faɗa har da waɗanda suke amfani da ranar su tara kuɗi domin rage mutuwar mata wajen haihuwa da mutuwar jarirai, a cikinsu har da Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa. Wato ta tsaya tana tsaron sunan ranar, har ta kori ainihin aikin da mahaifiyarta ta ba da ranta a kai. A nan muka rabu da ita, muka bi uwar.

Ranar da ake yi a watan Maris kuwa daga Ingila ta fito, ta kuma girmi ta Amurka nesa. Asalinta al'ada ce ta komawa majami'ar da aka yi wa mutum baftisma, ko babbar majami'ar yankinsu, wadda suke kira uwa, sau ɗaya a tsakiyar azumi. A zamanin da, talakawan Ingila sukan aika da 'ya'yansu ƙanana aikatau a gidajen masu arziki, ana kuwa ba da labari cewa a wannan Lahadi akan sallame su su je gida, su ga majami'arsu su kuma ga uwayensu. Al'adar ta kusa ɓacewa, sai wata 'yar fasto mai aikin ba da magani, Constance Smith, ta karanta labarin Anna a jarida a 1913, ta tashi ta farfaɗo da tasu. Ta hanyar ikkilisiyar Angilikan ta iso ƙasarmu. Ga 'yan matanmu nan cike da gidajen birane suna aikatau, waɗansu shekara biyu ba su ga gida ba. Ikkilisiyoyin birni da suke kiyaye wannan Lahadi, da sun tambayi membobinsu masu 'yan aiki ko sun ba yaran nan kuɗin mota, da sun fi kusa da asalin ranar fiye da duk wa'azin da za a yi.

To, yanzu mu dawo gida. Yaya ake yinta a wurinmu? Makonni kafin ranar sai a fitar da anko. A yanka wa kowace mace kuɗin da za ta kawo domin shinkafa da nama da abin sha. Ranar Asabar mata su share majami'a, su yi ta gwajin waƙa har dare. Ranar Lahadi su tashi tun da asuba su ɗora tukwane, su zo su bi da sujada, su yi waƙa da wasan kwaikwayo, a yi baiko na musamman wanda yawancinsa daga bakin zanensu ya fito, a ce za a sayi kwanon rufi ko kujeru da shi. A tashi su raba abinci, maza su ci su yi hamdala su tafi, su kuwa su tsaya wanke-wanke. Da yamma uwar da aka ce ana girmamawa ta koma gida ta tarar randa ba ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Amurka ɗan kasuwa ya cinye ranar, amma ko ba kome daga aljihun 'ya'ya kuɗin yake fita. A wurinmu uwar ce take biyan kuɗin girmama kanta.

Ku kuma dubi lokacin. A watan Mayu rumbu ya fara ƙasa, sabon abinci kuwa da sauran watanni. Mace ba ta da albashi. In za ta yi anko, gyaɗarta za ta kai kasuwa, wani lokaci har wadda ta ajiye domin iri, ko ta sayar da akuyar da take jingina da ita saboda ranar ciwo. Wadda ba ta da abin sayarwa sai ta ci bashi, ko ta ƙirƙiro ciwon kai ta zauna a gida. Gwauruwar da ta fi kowa wahalar renon 'ya'ya a ƙauyen ita ce wadda ba za a gani a layin gaba ba.

Mun san abin da waɗansu mata za su ce, mun kuwa ji shi daga bakinsu. Za su ce, ku bar mana ranarmu, a shekara duka ita ce ranar da muke hawa bagade, muke yin ado, ake jin muryarmu. Gaskiya ne, ba mu kuwa da niyyar ƙwace wa kowa farin cikinsa. Sabon zane ba zunubi ba ne, waƙoƙin Zumuntar Mata kuma su ne gishirin sujadarmu. Tambayarmu ita ce, wa ya kamata ya biya? Mutum ba ya yi wa kansa kyauta. In ana so mata su fito da anko, to, maza da 'ya'ya su saya, wadda ba ta da mai saya mata ikkilisiya ta saya, ko kuwa a bar ankon kowa ta sa abin da take da shi. Tukwanen ranar kuma samari su ɗora. Ba a taɓa jin wanda ya mutu domin ya ci shinkafar da namiji ya dafa ba.

Waɗansu dattawa kuma za su ce, mu ba mu bukatar ranar Turawa, kullum muna girmama uwayenmu. A baki haka ne, ba wanda ya fi mu iya kirarin uwa. Amma a buɗe littafin ƙungiya a gani. Sunayen wa suke ciki? Sa'ad da aka raba rancen taki da iri, mata nawa suka karɓa da sunansu? Ita ce ta yi shuka, ta yi noman fari da maimai tare da miji, ta cire gyaɗa, ta yi casa da shiƙa, ban da daka da ɗebo ruwa da itace waɗanda ba a ma ƙirga su a cikin aiki. Amma ranar rabon riba tana waje tana dafa wa masu taro abinci. A Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa waɗanda sukan ce abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah, ta haka suna kauce wa umarnin girmama uwa da uba. Ya kamata wannan nassi ya dame mu duk sa'ad da muka karɓi kuɗin mata a Ranar Uwaye muka zuba a bulo da siminti, alhali kuwa akwai uwayen da suke mutuwa saboda rashin kuɗin mota.

Ba ƙari muka yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka, wato mace wajen 200 kowace rana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara biyar ba. Mashaƙon nan da ya shiga gidan Uwargida Jarvis ya ɓarke a ƙasarmu daga ƙarshen 2022, ya yi ɓarna a 2023 a jihohi irin su Kano da Yobe da Katsina da Bauci, yawancin waɗanda ya kama kuwa yara ne da ba a yi musu allurar rigakafi ba. Ita a zamaninta babu allurar. Mu muna da ita, kyauta ma ake yi. Ashe halin da ya sa matar nan ta tara mata a 1858 bai yi nisa da ƙofar gidajenmu ba.

Ƙungiyar manoma ba za ta iya gina asibiti ba, amma akwai abin da za ta iya. Abubuwan da suka fi kashe mata wajen haihuwa sanannu ne, zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da yake biyo bayan haihuwa. Yawancinsu suna da magani in an isa asibiti da wuri. Abin da yake kashewa shi ne jinkiri. A yi ta jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. In ya dawo a shiga neman kuɗi gida gida da tsakar dare. In an samu a shiga neman mota, mai mota ya ce ba mai. Kafin a kai bakin titi gari ya waye, jini ya ƙare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai abu ne da ƙungiya za ta iya shiryawa tun da rana tsaka.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta buɗe asusun haihuwa, baikon Ranar Uwaye kuma ya shiga cikinsa dukansa. A ce ƙungiya tana da mutum 40. In kowa ya auna mudu biyu na hatsi da kaka, an sami mudu 80 ke nan. A adana shi da kyau a sayar da damina sa'ad da hatsi ya yi tsada, a haɗa da baikon. Kuɗin ya zauna a hannun mutum uku da suke kwana a ƙauyen, biyu daga cikinsu mata, kada a kai shi inda sai an jira ranar Litinin kafin a fitar. A yi magana da mai mota ko mai a-daidaita-sahu tun yanzu, a yanke farashi, a ajiye galan ɗin mai wanda ba mai taɓa shi ko da za a je bikin ɗan sarki. Kowane magidanci kuma ya faɗa a gaban ƙungiya, a rubuta, cewa in naƙuda ta zo da gardama ba ya nan, a tafi da matarsa kada a jira shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka kashe wa kuɗi ya mayar bayan girbi, da hatsi ko da kuɗi, ba ruwa. Muna kuma roƙo kada a tsaya tambayar ko matar 'yar ikkilisiya ce. In matar maƙwabcinmu Musulmi ce, ko ta rugar da take bayan gari, a ɗauke ta. Uwargida Jarvis ba ta duba rigar soja ba.

Ga ikkilisiyoyin da suke yin ranar a Mayu, akwai wata kyauta da ta fi zane, ƙungiya ce kuwa take riƙe da ita. Ita ce layin garma. Kowa ya san yadda ake yi, shanun ƙungiya sukan fara da gonakin shugabanni, su bi ta gandayen magidanta, sai an gama kafin a tuna da gayaunar mace, gonar gwauruwa kuwa ita ce ta ƙarshe. A lokacin shanu sun gaji, ciyawa ta yi ƙarfi, kwanakin shuka sun wuce. Mu malaman gona mun sha faɗa cewa gyaɗa da masarar da aka shuka a makare ba sa cika ba da amfani, sa'an nan da kaka a ce gonar mace ba ta da albarka. A juya layin. Makon da ya biyo bayan Ranar Uwaye, in ruwa ya sauka, shanu su fara da gonakin gwauraye da tsofaffin mata, samari su bi da gayya. Kwana uku ko huɗu ne kawai, ba za su karya kowa ba. A wannan zama kuma a rubuta sunan kowace mace mai noma a littafin ƙungiya da sunanta, ta sami nata kason na taki da iri, ta kuma sami bakin magana ranar rabo. In mijinta ya rasu, wannan rubutu zai zama mata shaida sa'ad da 'yan'uwan miji suka zo auna gona.

Masu yin ranar a Maris su ma suna da nasu aikin, gama lokacin ne rijiyoyi suke ƙafewa, mata suna kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. A yashe rijiya, a gyara bakinta, a yi mata murfi. A duba jinkar ɗakunan tsofaffi kafin iskar farkon damina. A kowane wata aka yi ta, a gayyaci ma'aikacin lafiya na kusa, kowace uwa ta zo da katin rigakafin yaranta a duba bayan sujada.

Akwai kuma wani abu da ake yi a majami'u da yawa wanda muke so fastoci su sake dubawa. Akan ce duk uwaye su miƙe tsaye a tafa musu. Sai matar da Allah bai ba ta haihuwa ba ta zauna ita kaɗai a tsakiyar benci, idon kowa a kanta. Anna Jarvis ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Constance Smith ma haka. Matan nan biyu da suka ba duniya wannan rana, da suna cikin sujadarmu da suna zaune sa'ad da ake tafi. A ƙauye kuwa wa ya girma a hannun mace ɗaya? Akwai goggo, akwai inna, akwai matar uba da ta riƙe marayu, akwai ungozoma, akwai malamar makarantar Lahadi. A ce duk macen da ta taɓa goya yaro ko ta ciyar da shi ta miƙe, za a ga ba wadda ta rage a zaune.

Magatakardan ƙungiyoyi, muna roƙonku ku sa wannan magana a cikin abubuwan da za a tattauna a taronku na gaba, tun kafin kwamitin mata ya zaɓi zane, gama in an riga an kai kuɗi kasuwa magana ta ƙare sai baɗi. Ku gayyaci shugabar Zumuntar Mata da fasto su zauna tare da ku, a fara jin ta bakin matan kafin a yanke kome, domin wataƙila abin da ya fi damunsu injin niƙa ne ko gyaran hanyar rafi, ba abin da muka lissafa ba. Ƙungiyar da ta gwada asusun haihuwa ko juya layin garma ta rubuto mana yadda abin ya tafi, da inda ya yi tsauri, za mu buga a fitowa ta gaba domin sauran su gani.